Ɗana, auna teburin kafin ka sayi fitilar

Ɗana, ranar da gininka ya kai ga fenti da saka fitilu, a ranar aljihu ya fi rauni, ido kuma ya fi kwaɗayi. An gama da bulo da rodi da kwanon rufi, kayan da ba wanda zai shigo ya yaba, saura abin da za a gani a ce ma sha Allah. A irin wannan lokaci ne mutum kan faɗa shagon fitilu a Sabon Gari ta Kano ko a Alaba ta Legas, ya ɗaga kai ya ga shandeliya rututu a kunne, kowace tana ƙyalli, ya nuna wadda ta fi girma ya ce a sauko da ita. Zauna mu yi magana kafin ka kai ga wannan nunin, musamman kan wadda za ka rataya a ɗakin cin abinci.

Fitilar falo, a gan ta a yaba ya wadatar. Ta ɗakin cin abinci kuwa tana da ubangida, shi ne teburi. Aikinta ta haska abin da ke cikin kwano da fuskokin waɗanda suka kewaye shi, ba tare da ta kashe musu ido ko ta shiga tsakaninsu ba. Duk abin da zan faɗa maka daga nan ya taso.

Amma tukuna, a ina kuke cin abinci? Gidaje da yawa an ware wuri, an zuba teburi da kujeru shida, amma da an idar da sallar magariba sai a shimfiɗa leda a falo, a jera kuloli, kowa ya tanƙwashe ƙafa. Teburin ya zama ma'ajiyar fulas da makullin mota da jakar makarantar yara. Ba abin kunya ba ne, haka muka tashi, cin abinci a ƙasa bai taɓa rage wa kowa daraja ba. Abin da nake so shi ne ka faɗa wa kanka gaskiya. In teburin na baƙin sallah ne kawai, kada ka zuba masa kuɗin da zai ƙara maka batir a sola. In kuwa a wannan ɗakin za ku riƙa ci a ƙasa, babu teburi, to lissafin ya sauya gaba ɗaya: duk fitilar da mutum zai bi ta ƙarƙashinta, dole gindinta ya yi nisan ƙafa 7 daga daɓe, wato kimanin mita 2.1. Ka tuna a danginmu akwai dogaye, kuma da hula suke shigowa.

To, mu ɗauka teburin za a yi amfani da shi. Ka saye shi tukuna, ko aƙalla ka san girmansa daga bakin kafinta. Sannan ka ɗauki tef ka auna faɗinsa. Masu tsara ɗakuna sun daɗe da wata ƙa'ida mai sauƙi: faɗin fitila ya zama rabin faɗin teburin zuwa kashi biyu cikin uku. Teburin mutum shida yakan yi santimita 90 zuwa mita 1 a faɗi, saboda haka fitilarsa tana tsakanin santimita 50 da 65. Dalilin a fili yake. Wanda ya gama cin abinci, in zai miƙe gaba yake ɗan sunkuyowa, in fitilar ta kai bakin teburi sai ta gaisa da goshinsa. Akwai awo na biyu da za ka gwada na farkon da shi: ka haɗa tsawon ɗakin da faɗinsa a ƙafa, abin da ka samu ka ɗauke shi a inci. Ɗaki mai ƙafa 12 da ƙafa 14 ya ba ka 26, wato fitila mai faɗin inci 26, kusan santimita 66. In awon biyu suka saɓa, bi na teburi. In teburin dogo ne na mutum takwas ko goma, fitila ɗaya mai zagaye tsakiya kawai za ta haska, na kai da na gindi su ci a duhu. Nemi doguwa mai bin tsawon teburin, ko ƙanana biyu a jere.

Ka rubuta waɗannan lambobi a takarda, ka tafi da tef ɗinka shagon. Kada ka yarda da idonka a can. Rufin shago dogo ne, bangonsa sau da yawa madubi, fitilun kuma suna ara wa juna haske. Wadda ka gani matsakaiciya a can, in ta zo gidanka sai ta zama kamar yaro ya zura babbar rigar ubansa, ana ganin rigar ba a ganin yaron. Mai shago zai ce maka, “Alhaji, wannan ita ce ta manya.” Ka yi murmushi ka miƙa masa bakin tef.

Kada kuma hotunan fadoji su ɗauke ka. Shandeliyar fadar Dolmabahce a Istambul, fadar da aka gama a 1856, nauyinta tan 4.5 ne, fitilunta 750, amma ƙubbar da ke samanta ta kai mita 36. Ta babban masallacin Sultan Ƙabus a Maskat, wanda aka buɗe a 2001, tsawonta mita 14, ƙarƙashin ƙubba mai mita 50. Waɗanda suka ƙera su awon wurin suka fara ɗauka, sannan suka zana fitilar. Kai ma abin da nake roƙonka ke nan.

Sai maganar nisa daga teburi, inda masu wayarin suka fi yin gaban kansu. Sukan ɗage fitilar har ta kusa manne wa silin, wai don kada ta dami kowa, sai ta koma tana haska sama, teburin na ƙasa kamar ba dominsa aka saye ta ba. A ɗakin da silinsa ke da nisan ƙafa 8 daga daɓe, gindin fitila ya kamata ya tsaya inci 30 zuwa 36 daga saman teburi, wato santimita 75 zuwa 90. Kowace ƙafa ɗaya da silin ya ƙara, ka ƙara inci 3. Ɗakunanmu sukan kai ƙafa 10 saboda zafi, don haka inci 36 zuwa 42 ya yi. Ka auna daga inda POP ya tsaya, don yana cin tsawon ɗaki fiye da yadda ake zato. Kafin a yanke sarƙa, ga dabara wadda ba ta cin ko kwabo: a yanko kwali daidai girman fitilar, a ɗaure shi da igiya a wurin, ka zauna a kujera, uwargida ta zauna tana fuskantarka. In kuna ganin juna sarai, kuma kun miƙe ba wanda ya buge, to nan ne wurinta. Da ma ina ba ka shawarar ka tafi da ita shagon. Ita ta fi ka zama a gidan, kuma ita za ta fara ganin ƙurar.

Yanzu ka buɗe kunne, don abin da ke tafe ya wuce ado, rai ne a ciki.

Mai wayarin yana fito da waya ne a tsakiyar ɗaki, tun teburi bai zo ba. Teburi kuwa ba kasafai yake zama a tsakiya ba, akan matsar da shi gefe don a bar hanyar kicin ko wurin kabad. Fitilar tsakiyar teburi take bi. Don haka tun kafin masu POP su rufe sama, ka zana wurin teburin a ƙasa da alli, ka nuna inda za a fito da waya, a kuma kafa ƙugiya a nan. POP farar ƙasa ce da zare, kanta kawai take iya ɗauka. Kada ka yarda kowa ya ɗaura maka fitila a jikinta, ko da ya rantse ya yi wa gidaje ɗari haka. In saman dakin ne na kankare, a huda shi a sa ƙusar ƙarfe mai buɗewa a cikin rami, ko a yi amfani da ƙugiyar rodi da aka bari tun lokacin zuba kankare. In rufin kwano ne, a gicciya katako mai kauri ko ƙarfe tsakanin katakan rufi, a ɗaure da noti, ƙugiyar ta sauko daga nan. A Amurka, akwatin silin na yau da kullum an ƙayyade masa ɗaukar fam 50, kusan kilo 23, abin da ya wuce haka sai an yi masa mariƙi na daban ko akwati na musamman. Shandeliya mai hannuwa goma sha biyu da gilas na gaske tana iya kusantar wannan nauyi ko ta wuce shi. Ka tambayi nauyinta, in mai shago ya tsaya kame-kame, a ɗora kwalin a sikeli. Nauyin fitilar kuma sarƙa ce ko sandar ƙarfe za ta ɗauka, wayar wuta ta bi ta cikin sarƙar a sake, ba ta ɗauke da komai. A 1896, a babban gidan wasan opera na Faris, ɗaya daga cikin ƙarafan da ke daidaita nauyin shandeliyar ya tsinko ya kashe mutum ɗaya. Wannan a ginin da ƙwararru suka yi ne. A naka ɗakin, 'ya'yanka ne a ƙasa suna cin tuwo.

Jikin fitilar ƙarfe ne, don haka sai an haɗa shi da wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Da yawa sukan naɗe ta su cusa cikin silin. Ka tsaya a kansa ka ga ya ɗaura. Ka kuma tabbatar makunnin wayar da ke ɗauke da wuta yake yankewa. In aka juya aka sa shi a ɗaya wayar, fitila za ta mutu amma wuta na nan a jikin mazaunin ƙwan, ranar da wani ya hau sauya ƙwai a ji salati. Wata alamar wannan kuskure ita ce ƙwan LED ya riƙa ɗan haske-haske bayan an kashe shi.

Ga fanka kuma. Ita da shandeliya wuri ɗaya suke nema, kuma a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ba sai na faɗa maka wadda za ka fi buƙata ba. In ka sa su kusa da juna, iska za ta riƙa kaɗa gilasan, fukafukan kuma su riƙa yanka haske, inuwa na wulgawa a kan abinci har kai ya yi ciwo. Ka zaɓa tun wuri: fitila a saman teburi, fankar bango ko ta tsaye a gefe. In ɗakin ƙarami ne kuma babu na'urar sanyaya ɗaki, ni dai fanka zan ba tsakiya, in sa fitilun bango masu kyau, in haƙura da shandeliya. Ba wanda ya taɓa jin daɗin miyar kuka yana gumi don fitila ta yi kyau.

Mu zo ga hasken kansa. A da da wat ake auna ƙwai, yanzu ka duba lumen a jikin kwali. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, ƙwan LED mai wat 9 ma haka. Ɗakin cin abinci matsakaici yana son lumen 3,000 zuwa 6,000 gaba ɗaya, kuma ba dole duk daga shandeliya su fito ba. 'Yan ƙananan fitilu a cikin POP ko a bango su ɗauki rabi, ita ta ji da teburi. Ka lura da inda ƙwayayenta suka fuskanta. Masu kama da kyandir sama suke kallo, silin suke haskawa, ƙarƙashinsu kuma inuwar jikin fitilar ce. In irinsu kake so, nemi wadda ke da ƙwai ɗaya ko biyu masu kallon ƙasa, don mai cin kifi ya ga ƙaya. Ƙwan da idon mai zaune zai iya hangowa kai tsaye kuma ya zama mai dusasshen gilas, ko mai 'yar hula.

Launin haske shi ne inda zan saɓa da mutanenmu. Mun ƙallafa rai a kan farar wuta, muna ganin ita ce haske. A kwalin za ka ga 6500K. Ta dace da shago da asibiti da gareji, amma a kan abinci tana kashe launi: jan miya ya dushe, nama ya yi toka-toka, fuskar mutum ta yi kamar ya kwana bai yi barci ba. Nemi 2700K zuwa 3000K, mai ɗan ja-ja irin na fitowar rana. In kana ganin ya yi maka ja da yawa, 4000K tsaka-tsaki ne. Akwai wata lamba kuma, CRI ko Ra, mai nuna yadda ƙwai ke fito da launin abu na gaskiya. Yawanci 80 ne, in ka sami 90 ka ɗauka. Duk ƙwayayen su zama iri ɗaya daga kamfani ɗaya. Fitila mai ƙwai uku farare, biyar jajaye, biyu matattu, gara ma babu ita.

Hasken buɗa-baki da baƙi cike da teburi daban, na shan shayi da dare kai da iyali daban. Akwai makunni mai rage haske, amma sai ƙwan da aka rubuta yana karɓar ragewa, in ba haka ba ya yi ta ƙyafta ido yana ƙara, musamman a kan janareta ko inbata mai araha. Hanyar da ta fi sauƙi a wajenmu ita ce a raba fitilun ɗakin gida biyu, kowane da makunninsa.

Ka yi lissafin wuta ma. Fitila mai ƙwai 12, kowane wat 40 na tsohon yayi, tana jan wat 480. Awa huɗu kullum, a wata yunit 57.6 ke nan. Da farashin da hukumar NERC ta sa wa 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, kuɗin ya kusa naira 13,000 a wata, fitila ɗaya tak. In ka sa LED mai wat 5, jimla wat 60, abin bai wuce naira 1,620 ba, kuma inbata za ta ɗauka ba tare da ta yi kuka ba. Ban da haka, tsohon ƙwai yawancin wutar da yake ci zafi yake mayar da ita, kana biyan kuɗi a ƙara maka gumi.

Akwai 'yan yayi na yanzu, zobba-zobba masu LED a manne a jiki, da rimot, suna sauya launi. Suna da kyau ranar farko. Matsalarsu 'yar na'urar da ke cikin kansu mai sarrafa wuta. Zafi na gajiyar da ita, wutarmu mai tafiya ta dawo da ƙarfi tana ƙone ta, kuma samun daidai irinta sai an sha yawon kasuwa, wani lokaci a rasa. Mai mazaunin ƙwai na yau da kullum, E14 ƙarami ko E27 babba, in ƙwai ya mutu yaro za ka aika bakin titi. In ka nace sai mai zobba, ka sayi na'urar ta biyu tun a ranar ka ajiye. In kuma wani ɗan'uwa zai aiko maka daga waje, ka tuna wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka da Kanada 120. Kayan Sin da Dubai da Turkiyya da Masar sun dace da tamu, na Amurka sai an sauya ƙwayaye, wani lokaci har da mazauninsu.

Gilasan da ke reto, asalinsu buƙata ce ta kawo su. A zamanin kyandir haske kaɗan ne kuma da tsada, sai aka rataya gilas mai kusurwoyi ya kama ɗan abin da ke akwai ya watsa. A shekarun 1670 wani ɗan Ingila, George Ravenscroft, ya inganta gilas mai haɗin dalma, wanda ya fi karya haske kuma ya fi daɗin yankawa. A ƙa'idar Turai ta 1969, sai dalmar ta kai kashi 24 cikin 100 ake kiransa kiristal mai dalma. Swarovski ya kafu a Ostiriya a 1895, Asfour a Masar a 1961, su ne sunayen da za ka ji ana ambata maka. Amma yawancin abin da ke rataye a kasuwanninmu daga Sin yake, inda gari guda, Guzhen a lardin Guangdong, ya shahara da ƙera fitilu. Gilas ɗinsu mai suna K9 ba shi da dalma, yana da tsabta da ƙyalli, kuma ya ishe ka. Laifin kawai a sayar maka da shi da sunan wani, ko a ba ka roba da kuɗin gilas. Ka riƙe ƙwaya ɗaya a tafin hannu. Gilas yana da sanyi da nauyi, in ka ƙwanƙwasa biyu za su yi ƙara siririya. Roba ba nauyi, ƙararta a toshe, tana saurin karcewa, tana kuma jan ƙura. Ka tafi da ɗan maganaɗisu ma. In an ce maka jikin tagulla ne, ka manna, in ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan zinare, kuma tururin kicin zai fara cinsa daga mahaɗai. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma a wannan kasuwa tsada ma ba shaida ba ce.

Salo kuwa, na gargajiya ko na zamani, baƙi ko ruwan zinare, wannan tsakaninka da maiɗakinka ne, ban da ta cewa.

Abin da zan sa baki a kai shi ne ƙura. Waɗanda suka tsara shandeliya mai ƙwaya dubu ba su san hunturu ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo zai shiga ko ta ina, ya kwanta a kan kowace ƙwaya, gizo-gizo ya zo ya yi yana, da damina ta faɗi kuma ƙwari su taru su mutu a cikin duk wani kwanon gilas mai kallon sama. Duk wannan a saman abincinka. Kafin ka biya, ka ƙirga ƙwayoyin da ido, ka tambayi kanka wa zai hau tsani ya goge su ɗaya bayan ɗaya, sau nawa a shekara. In amsar ita ce 'yar aiki ko ƙaramin yaro a kan kujera bisa teburi, ajiye ta ka ɗauki mai sauƙin jiki, wadda tsumma ɗaya zai gama da ita.

Ranar gugar, a kashe wuta daga babban makunnin gida, a kashe inbata ma, a bar ƙwayaye su huce. A janye teburi, a shimfiɗa bargo a ƙasa don abin da ya suɓuce kada ya fashe. A ɗauki hoton fitilar da waya kafin a cire komai, saboda mayarwa. Ruwa da ɗan binega ko ɗan sifirit ya isa, a fesa a tsumma mai laushi, kada a fesa a jikin fitilar, ruwa ya gangara mazaunin ƙwai. Mai gugar kuma shi zai riƙa matsar da tsani yana zagayawa. Kada ya tsaya wuri ɗaya yana juyo fitilar gare shi, don yawancinsu da zaren noti aka ɗaura su a sama, kowane juyi yana kwance ta kaɗan-kaɗan, yana kuma murɗe wayar da ke ciki.

A shagon, kafin a rufe kwali, a kunna maka ita ka ga kowane mazauni yana kawo wuta. A ƙirga hannuwa da gilasai a gabanka, ka nemi a ƙara maka ƙwayar gilas goma ko ashirin da 'yan ƙugiyoyinsu, don wasu za su fashe wajen haɗawa kuma bayan shekara ba lalle ka sami irinsu ba. Ka duba sarƙar ta kai tsawon da ka auno, in ba ta kai ba a ƙaro tun a nan. Takardar haɗawa ta biyo kwalin, rasit kuma a rubuta girma da nauyi da irin gilas a jiki.